Kurakuran masu motar da aka saukar ƙasa a kan tudun rage gudu

Motar gida irin su Corolla, Camry ko Accord tana fitowa daga masana'anta da tazarar kamar santimita 13 zuwa 15 tsakanin cikinta da ƙasa. Idan aka sa mata gajeren sifirin don ta kwanta ta yi kyau, santimita 3 zuwa 5 sun tafi, abin da ya rage santimita 8 zuwa 12 ne. A Ingila doka ta kayyade tsayin tudun rage gudu a titi kada ya wuce santimita 10. Wanda mutanen unguwa ke zubawa da siminti a ƙofar gida ko gaban makaranta kuwa ba mai auna shi, wani ya fi haka tsayi, ga shi siriri mai kaifin baya. Duk da haka, yawancin gogewar da ake yi daga hannun direba take fitowa, saboda mota tana dukan tudu ne a lokacin da ta dunkule a kan sifirinta, ta yi ƙasa fiye da yadda take a tsaye.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne taka birki a kan tudun. Duk lokacin da ka taka birki, nauyin mota yana zubowa gaba, sifirin gaba ya matse, hancin mota ya duƙa da santimita biyu ko uku, wani lokaci fiye idan shok ya gaji. Direba ya hango tudu a makare, ya danne birki, ya isa wurin da hanci a duƙe, leɓen bamba ya ci siminti. Gyaransa shi ne ka gama birkinka tun da sauran tsawon mota ɗaya, ka ɗaga ƙafa, ka bar hancin ya miƙe ya dawo daidai, sannan tayar gaba ta taɓa tudun. Gudun da ake so shi ne na mai tafiya a ƙafa, wajen kilomita 5 a awa. Mai mota otomatik ya bar ta ta ja kanta a D ba tare da totur ba. Mai giyar hannu ya sa giya ta ɗaya, ya riƙe ta da kuloci kaɗan-kaɗan. Giya ta biyu ta yi sauri ga wannan aiki.

Akwai wurin da birki ke da amfani, kada a fahimci maganar a baibai. Idan tayar ta hau ƙololuwa za ta gangara, ɗan taɓa birki a hankali yana sa ta sauka sannu maimakon ta faɗo. A irin wannan gudu na rarrafe birki mai laushi ba ya duƙar da hanci. Wanda ake gudu shi ne na dannewa farat ɗaya.

Saukar ce ma ta fi hawan haɗari, kuma nan ne mutane ba sa lura. Tayoyin gaba na faɗowa daga tudu, nauyin inji ya biyo su, sifirin ya matse har ƙarshe, a daidai lokacin kuma tudun yana ƙarƙashin kaskon baƙin mai ko ƙarfen da ke riƙe inji. Wannan ƙarar mai nauyi da ake ji a ƙarƙashin ƙafa daga nan take. Gogewar bamba asarar fenti ce da roba. Dukan kasko kuwa yana iya kai inji ga kwankwasa.

Wasu na cewa a bi tudu da gudu mota ta tsallake shi. Wannan dabara tana ɗan aiki a jif mai dogon sifirin da tayoyi masu kauri. Motar da aka saukar ba ta da sararin da sifirinta zai shanye bugun, nan da nan shok ya kai maƙura ya daki robar tsayawa, bugun ya wuce kai tsaye cikin jikin mota da rim.

Fuskantar tudu kai tsaye shi ne kuskure na gaba. Idan tayoyin gaba biyu suka hau tare suka sauka tare, tsakiyar mota tana zama a kan ƙololuwar tudun da mafi ƙarancin tazara. Idan ka shige shi a karkace, da kwana kamar digiri 30 zuwa 45, taya ɗaya ce ke hawa a lokaci guda. Ta dama ta hau ta ɗaga wannan gefen bamba kafin tsakiyar leɓen ya iso, tana gangarawa ta hagu tana hawa, don haka kusan kullum akwai tayar da ke tallafe da motar a sama. Yadda ake yi: ka ɗan matsa gefe ɗaya na hannunka, ka karya sitiyari ka nufi tudun a karkace, ka riƙe wannan layin har tayoyin gaba biyu su wuce, sannan ka juya sitiyari sannu don na baya su ma su hau ɗaya bayan ɗaya. Masu koyo sukan miƙe sitiyari da wuri, sai tayoyin baya su hau tare, salansa ta sha duka.

Wannan karkacewa tana cin fili, kuma a titunanmu filin da ka bari babu wanda zai bar maka shi. Kafin ka karya sitiyari duba madubi biyu, domin ɗan acaba ko mai adaidaita sahu yana iya kutsawa ta gefen da ka buɗe. Idan akwai mota a hannun da ke zuwa, ka jira ta wuce. Bamba da ta goge ta fi sauƙin gyara a kan ƙafar mutum. Kunna fitilar gargaɗi ma yana taimakawa, don wanda ke bayanka bai san za ka kusan tsayawa ba.

Sai mantawa da bayan mota. Gaba ya wuce lafiya, direba ya saki ajiyar zuciya ya ba ta wuta. Totur yana tura nauyi baya, bayan mota ya zauna, tayoyin baya su daki tudu da gudu, tukunyar salansa ko bambar baya ta goge. Kada ka taɓa totur sai ka ji tayoyin baya biyu sun sauka. Wannan ya fi shafar dogayen motoci. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Camry ya kai wajen mita 2.8, kuma duk yadda wannan tazara ta ƙaru, haka cikin mota ke saurin zama a kan tudu.

Mutane da dama ba su san wane abu ne ya fi kusa da ƙasa a motarsu ba, suna tsammanin bamba ce domin ita suke gani. A wata motar kaskon mai ne, a wata kaskon giya, a wata bututun salansa ko katalis, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin bututun. Ka ajiye motar a wuri mai shimfiɗaɗɗen siminti, mutum ya zauna a kujerar direba, ka duƙa da tef da tocila ka auna wurare uku: leɓen bamba, abin da ya fi leƙowa a tsakiya, da tukunyar salansa. Ka lura kuma ko abin yana dama ko hagu. Idan salansarka ta bi ta dama, tayar dama ce za ka so ta kasance a sama lokacin da tudun ke ƙarƙashin ciki. Wannan awo yana da amfani musamman a irin tudun da aka yi shi gunduwa-gunduwa da rata a tsakani. Babbar mota tana buɗe ƙafa ta bar gunduwar ta wuce ta tsakiya. Motar da aka saukar idan ta yi haka, ta miƙa kaskon mai ga siminti. Gara ka ɗora taya ɗaya a kai.

Haka nan zagaye ƙarshen tudu ta gefen kwata. Tayar da ta bi ta wurin tana faɗawa ƙasa da kwalta, wannan gefen motar ya ƙara sauka, tudun ya kama ƙarfen ƙasan ƙofa. Gefen simintin kuma yana yanka kumatun taya.

Kaya da iska suna canza lissafi. Manya huɗu sun kusa kilo 300, ga buhun shinkafa a but, bayan mota zai zauna da 'yan santimitoci. Tudun da ka saba hayewa kai kaɗai zai kama ka ranar biki. A rage gudu fiye da kullum, a ƙara karkata, idan tudun ya yi muni fasinjoji su sauka su tsallaka a ƙafa. Iskar taya kuma a bi adadin da ke rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, a auna da safe kafin taya ta yi zafi. Taya mai ƙarancin iska tana rage tazara, kuma tudu mai kaifi yana matse ta da rim har ta yi ƙari ko rim ya lanƙwashe.

Girman taya ma ana kuskure a kansa. Taya 205/55 R16 (lambobin da ke rubuce a jikinta: faɗinta milimita 205, tsayin kumatunta kashi 55 cikin ɗari na faɗin, rim inci 16) tsayinta gaba ɗaya kimanin milimita 632 ne. Idan aka canza zuwa 225/40 R18 ana samun kusan 637, motar ba ta sauka ba. Amma 215/35 R18 tana tsayawa a wajen 608, wato tayar ta ragu da milimita 24, motar kuma ta ƙara sauka da rabin hakan, milimita 12, ba tare da an taɓa sifirin ba. A motar da tazararta ba ta fi santimita 10 ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani lokaci laifin na yadda aka saukar da motar ne. Yanke sifirin da injin yanka ƙarfe yana sa ya ƙi zama daidai a mazauninsa, kuma da wuya ɓangarori biyu su zo daidai. Gasa shi da wutar walda ya fi muni, domin zafi yana kashe ƙarfin ƙarfen, ya ci gaba da lotsawa har ya karye. Gajeren sifirin a kan tsohon shok na asali kuma yana sa mota ta yi ta rawa bayan kowane tudu. Ka danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki: idan ta yi sama da ƙasa fiye da sau ɗaya kafin ta tsaya, shok ɗin ya tafi. Mai koyiloba, wato shok haɗe da sifirin da ake iya juyawa a ɗaga mota ko a sauke ta, ya ɗaga motar da santimita ɗaya ko biyu, ido ba zai gane bambancin ba amma tudu zai gane, sannan a kai ta a sake saita tayoyi. Farantin ƙarfe mai kaurin kamar milimita 3 a ƙarƙashin inji yana kare kasko, da sharaɗin a ɗaure shi a jikin firam da ƙusoshin da kansu bai leƙo ƙasa ba.

Idan cikin mota ya zauna a kan tudu, kada ka ba ta wuta don ta ja kanta. Kowa ya sauka, sau da yawa wannan kaɗai ya isa ta ɗaga. In bai isa ba, a sa katako ko faffaɗan dutse a bayan tayoyin gaba, a koma da baya a kansa sannu, a sake shiga a karkace.

Bayan duka mai ƙarfi, ka sami wuri ka tsaya ka leƙa ƙasa. Kaskon alminiyam tsagewa yake yi, za ka ga ɗigon baƙin mai. Na ƙarfe lotsewa yake yi, kuma yana iya matse bakin bututun da famfo ke zuƙo mai ko da babu ɗigo ko ɗaya. Jan mai a ƙasa yawanci daga giyar otomatik ne. Idan jar fitilar mai ta kama a dashbod, kashe inji nan take a nemo abin ja, kada ka ce bari ka lallaɓa zuwa gareji.