Fifikon ɗan gari a gidajen rahusa na Amurka: yadda za ka ci moriyarsa

Lokacin da lambata ta fara fitowa a ƙuri'ar gidajen rahusa ta birnin New York, shekarata shida a Bronx, ɗaya daga yankunan birnin, amma ba ni da takarda ko ɗaya da za ta shaida haka. Ɗaki nake zaune a gidan wani ɗan'uwa. Sunansa ne a yarjejeniyar haya, sunansa ne a takardar kuɗin wuta, ni kuwa hannu da hannu nake miƙa masa nawa kason duk wata. Aka ce in kawo shaidar zama, na rasa, gidan ya wuce ni. Abin ya daɗe yana yi mini ciwo, shi ya sa duk sabon zuwan da na haɗu da shi nake fara masa da maganar takarda.

Ka fara gane abin da dokar fifikon ɗan gari ta ba ka. Fifiko ta ba ka, wato a sa ka gaba a layi, ba alkawarin gida ba. Idan ka ji an ce majalisar jiharku ta kawo batun fifita mazauna jiha, shiga shafin majalisar ka duba ko gwamna ya sa hannu, don ƙudiri da yawa a kwamiti suke mutuwa. Sannan ka duba iyakar da aka shata: jiha ce, gari ne, ko unguwa? A Massachusetts, ƙarƙashin dokar da ake kira 40B, gari zai iya ware har kashi 70 cikin 100 na gidajen rahusa na sabon gini ga mutanensa. A New York kuwa birnin ya kasu gundumomi 59, 12 daga ciki a Bronx. Daga 2002 rabin gidajen kowace ƙuri'a na 'yan gundumar da ginin yake ne, har aka kai ƙara a 2015 cewa tsarin yana ƙara raba unguwanni bisa launin fata. Sulhun da aka yi a 2024 ya sauko da kason zuwa kashi 20, zai koma 15 a 2029. Ni dai ina ganin masu ƙarar suna da hujja, ko da yake na san tsofaffin da haya ke neman kora daga unguwar da suka raini 'ya'yansu, kuma ina tausaya musu matuƙa.

Akwai abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba. A gidajen gwamnati da tallafin haya na Sashe na 8, ƙa'idar ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ta yarda a fifita mazauna yanki, amma ta hana a rufe wa baƙo ƙofa gaba ɗaya, ta kuma hana a auna fifikon da yawan shekarun da ka yi. Wanda yake aiki a yankin, ko aka sanar da shi an ɗauke shi aiki a can, ɗan gari ne a wajen lissafi. Saboda haka idan kwananka na wani gari, aikinka na wani, wasiƙar wurin aikin ma makami ce.

Yanzu takardu. Tun yau, ba sai an kira ka ba, ka roƙi mai gida ya saka sunanka a yarjejeniyar haya. In ya ƙi, mayar da takardar wuta ko ta intanet sunanka. Katin shaida na jiha, takardar banki, takardar albashi da ta haraji, duk adireshi ɗaya su ɗauka, rubutun suna ma iri ɗaya. Muhammad a nan, Mohamed a can, yana jawo dogon bayani. Ka daina biyan haya da tsabar kuɗi ba rasit. Ni jaka guda na ware, duk wata in jefa sabuwar takarda, in kuma ɗauki hotonta a waya.

Wajen cike takardar nema, a New York shafin Housing Connect ake shiga, kuma kyauta ne. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya shigar da kai, guje shi. Nema ɗaya ga kowane gini, in ka ninka za a iya soke ka. Duba jadawalin kuɗin shiga da kyau, don kowane gida yana da iyakar ƙasa da ta sama ta abin da mai nema yake samu, gwargwadon yawan iyali. Kada ka ari adireshin aboki don samun fifiko, ana bincike. Ranar da ka tashi daga gida, ranar za ka gyara adireshinka a shafin.

Idan aka ƙi ka, wasiƙar za ta faɗi dalili da wa'adin ɗaukaka ƙara, kuma wa'adin gajere ne. Rubuta amsarka a ranar, ka haɗa da kwafin shaidarka, ka riƙe asalin a hannunka.