Yadda Ake Koyar da Binciken Ƙwaƙwaf na Kwamfuta Ba Tare da Tona Asirin Kowa Ba

Malamin da aka ɗora wa darasin binciken ƙwaƙwaf na kwamfuta a jami'a ko kwalejin fasaha zai gane tun makon farko cewa dawo da fayil ɗin da aka goge ba ya ba ɗalibai wuya. Abin da ke ba su wuya shi ne sanin inda ya kamata hannu ya tsaya. Saboda haka kada ya ajiye maganar sirri da ɗa'a sai laccar ƙarshen zango, lokacin da hankalin kowa ya koma kan jarrabawa. A gaban na'urar da aka koyi tono, a nan ya kamata a koyi kamewa.

Ya fara da nuna musu cewa gogewa ba ɓacewa ba ce. Idan aka goge fayil daga faifan ajiya irin na da ko daga filas, na'ura tana alamta gurbinsa ne kawai a matsayin fili, bayanan kuwa suna nan har sai an rubuta wani abu a kansu, ko da yake faifan SSD na zamani kan share irin wannan gurbi da wuri. Labarin Dennis Rader, wanda ya kashe mutum 10 a yankin Wichita ta jihar Kansas a Amurka, ya isa misali. A 2005 ya aika wa wani gidan talabijin faifan filofi, masu bincike suka tono wata takardar Word da ya goge, suka ga sunan cocinsa da sunan "Dennis" a cikin bayanan da manhajar ke adanawa a ɓoye, kuma cikin watan Fabrairun shekarar aka kama shi. Ɗalibai na son wannan labari, sai dai malami ya tambaye su nan take: dabarar da ta kama mai kisa, me za ta yi wa wanda ya sayar da tsohuwar wayarsa a kasuwa?

Wannan tambaya ce ke yanke shawarar kayan da za a yi atisaye da su. Akwai jarabar a je kasuwar 'yan waya a sayo tsofaffin faifai da katunan memori saboda araha, kuma ina ganin wannan kuskure ne babba. A 2003 Simson Garfinkel da Abhi Shelat, ɗalibai a jami'ar MIT ta Amurka a lokacin, sun wallafa abin da suka samu a faifai 158 da suka saya na hannu: 12 kacal aka share yadda ya kamata, wasu daga cikin sauran kuwa sun fito da bayanan asibiti da wasiƙun mutane da lambobin katin banki sama da 5,000. Masu waɗannan bayanai faifai suka sayar, ba su sayar da asirinsu ba. Abin da ya fi shi ne malami ya sayi sabon filas, ya ƙirƙiri kamfani da ma'aikata na ƙarya, ya rubuta musu wasiƙu da takardun kuɗi, ya goge wasu, sannan ya miƙa wa aji. Idan lokaci ya ƙure masa, akwai shiryayyun kwafin faifai da aka yi don koyarwa, kamar M57-Patents na shafin Digital Corpora da kundin CFReDS na hukumar NIST ta Amurka.

Daga nan sai ladabin taɓa shaida. Ba a bincike a kan faifan asali: ana haɗa shi da na'urar hana rubutu, a ɗauki kwafinsa ɗungurungum da manhaja irin FTK Imager, a lissafa lambar tantancewa ta SHA-256 (lambar da na'ura ke fitarwa daga abin da ke cikin faifai, tamkar zanen yatsansa) ta asalin da ta kwafin, a tabbatar sun zo daidai, sannan a buɗe kwafin a manhajar bincike ta Autopsy, wadda kyauta ce. Malami ya sa kowane ɗalibi ya sauya harafi ɗaya tak a cikin fayil ya sake lissafin, domin ganin yadda lambar ke birkicewa gaba ɗaya ya fi dogon bayani shiga kai. Ya kuma tilasta musu cika takardar da ke nuna wanda ya karɓi shaidar, daga hannun wa, a wace rana da wane lokaci. Ɗalibin da ya zauna gaban malamin Hadisi ba ya buƙatar a wahala da shi a nan, don kuwa isnadi ne: inda aka rasa mutum ɗaya a silsila, ruwayar ta raunana. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ma yana neman takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka samar da bayanin kafin kotu ta karɓe shi.

Darasin da na fi ba muhimmanci shi ne na iyakar izini. Kowane aiki ya zo da rubutacciyar takarda mai cewa, misali, a binciki takardun kuɗi na watanni uku kawai. Sai malami ya dasa tarko a cikin faifan: wata jakar fayiloli mai suna "hotunan gida" ko "sakamakon asibiti", wadda ba ta da alaƙa da zargin. A wani aji da na koyar, wani ɗalibi mai kaifin basira ya buɗe irin wannan jaka, ya kuma jera abin da ke cikinta a rahotonsa yana jiran yabo. Da ya ga an rage masa maki sai ya ce, "Malam, ai ba a kulle take ba." Na tambaye shi ko yakan leƙa ɗakin matar maƙwabcinsa don ya tarar labule a ɗage; aji ya yi dariya, shi kuwa ya yi shiru. A koya musu kuma cewa idan suka ci karo da alamar wani laifi daban, su dakata, su rubuta abin da suka gani da lokacin da suka gan shi, su koma ga wanda ya ba da izinin.

Doka kuwa a taƙaita ta ga abin da zai taɓa su. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙu da hirar tarho, dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, sannan dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai riƙe bayanan mutane. Kowane ɗalibi ya sa hannu a takardar alkawari kafin ya shiga ɗakin gwaji, a kuma raba kwamfutocin ɗakin da intanet ɗin makaranta. Malami ya shirya wa ranar da wani zai zo da wayar ƙanwarsa ko ta matarsa yana neman a taimaka masa ya buɗe. Amsar ita ce a'a, komai kyan dalilin da ya kawo.

Jarrabawar ƙarshe ta zama zaman kotu na kwaikwayo, inda ɗalibi zai kare rahotonsa wasu kuma su yi masa tambayoyin lauya. A nan zai koyi rubuta cewa an shiga asusun wane da ƙarfe 2:14 na dare, ba wai wane ne ya shiga ba, tunda mutum uku na iya sanin kalmar sirri ɗaya a ofis. Malami ya karkatar da agogon faifan atisayen da awa ɗaya da gangan, ya ga ɗalibai nawa ne za su duba ko lokacin na Najeriya ne ko na GMT kafin su ɗora wa wani laifi.