Yadda na gyara injin cika robar yogot da ke saɓa awo

Ƙungiyar mata masu sarrafa nono a wani ƙauye kusa da Ringim suna da injin da ke cika robobin yogot da kansa, ƙanana da kuma manya masu rabin lita. Da sanyin safiya roba ba ta cika, da rana kuma har ta zube. Abin ya dame ni, domin kowane ɗigo da kuɗi aka saye shi a hannun makiyaya.

Na duba kwampireso mai tura wa injin iska, iskar ba ta ragu ba, bawul ɗin da ke buɗe wa yogot hanya ma lafiya lau. Matsalar tana cikin ƙwaƙwalwar injin, wato PLC, wadda da daƙiƙoƙi take awo: ta buɗe bawul na wani ƙayyadadden lokaci, sannan ta rufe. Yogot mai sanyi kuwa kauri gare shi, a hankali yake gangarowa, idan ya ɗumama sai ya tsinke.

Sai na sa ƙaramin sikelin lantarki ƙarƙashin mazaunin roba na haɗa shi da PLC. Yanzu nauyi ke rufe bawul: ya zuba da sauri, in ya kusa cika ya koma siriri don kada kumfa ta tashi. Kowace irin roba da nata awon, maɓalli ɗaya ake dannawa a sauya. Sikelin dai ba ya son jijjiga, dole na raba teburinsa da na kwampireso.