Yadda na kashe raɗaɗin man na'ana'a

Ciwon kai ya dame ni, sai na ɗiga man na'ana'a zallarsa a goshi. Ko minti biyu ba a yi ba wurin ya yi jawur, kamar an goga mini barkono, idanu sai hawaye. Na watsa ruwa, abin ya ƙara bazuwa, tunda mai ba ya narkewa a ruwa.

Yayata ta ce, "Ke, miƙo man zaitun." Ta jiƙa auduga ta goge sau uku, sannan muka wanke da sabulu. Ya lafa.

Yanzu ɗigo 2 nake sawa a cokalin shayi ɗaya na man kwakwa, kusan kashi 2 cikin 100 ke nan. Fuskar jaririna kuwa ba na kusantar da shi, don sinadarin mentol da ke ciki na iya takura numfashin jariri.