Yadda ake canza birkin bayan tsohuwar mota daga dram zuwa dis

Kafin ka ɗauki sifana ka fara duba gaban motar tukuna. In ka taka birki nauyin mota gaba yake zubawa, shi ya sa birkin gaba ke ɗaukar wajen kashi 60 zuwa 70 na aikin tsayawa. To in gabanka har yanzu dram ne, ka bar bayan nan, ka fara gyara gaba. Abin da dis ɗin baya zai ƙara maka shi ne ba ya saurin sanyin jiki in ya yi zafi a doguwar gangara, in ka ratsa ruwa nan da nan ya bushe, kuma canza fad, wato takalmin da ke matse dis, aikin 'yan mintoci ne, ba irin kokawar da ake yi da sifirin ɗin cikin dram ba.

Abu na farko ka san wane aksul ne a ƙarƙashin motar, ka shiga ka gani da idonka, kar ka dogara da shekarar motar, don mota mai shekara 50 Allah kaɗai ya san hannu nawa ta bi da abin da aka canza mata. Ko aksul ɗin Ford mai inci 9 ɗin nan da aka yi daga 1957 zuwa 1986 bakinsa ba iri ɗaya ba ne, akwai mai babban boris akwai mai ƙarami, in ka sayo birakit (ƙarfen da ake ɗaura sabon birkin a kai) na wani ramukan ba za su hau ba. Ka auna tazarar ramukan bakin aksul, ka ƙirga kusoshin taya, sannan ka auna cikin wilinka. Wili mai inci 14 sau da yawa ba ya ɗaukar dis mai inci 11 da kalifarsa (ƙarfen da ke riƙe fad yana matse dis), sai ka koma 15, kuma wannan kuɗi ne da mutane ba sa sawa a lissafi sai kaya sun iso.

Ranar aiki ka sa katako a tayoyin gaba, ka ɗaga bayan, ka ɗora a kan ƙarfen tsayar da mota guda biyu. Jak shi kaɗai ba abin shiga ƙarƙashinsa ba ne wallahi. Cire taya, cire dram, in ya ƙi fitowa ka sassauta ajasta ta ramin baya maimakon ka hau shi da guduma. Ƙurar da ke ciki kar ka hure ta da iska, tsofaffin takalman birki da yawa akwai asbestos, sinadari mai cutar da huhu, a jikinsu, ka fesa mata ruwan wanke birki ta sauka a jiƙe. Sai ka kwance bututun mai daga silindar taya ka toshe bakinsa, ka cire wayar hambirki.

Farantin da ke riƙe da takalman ba ya fita sai shaf ya fito. A nan aksul ya kasu biyu. Irin na Ford inci 9 noti huɗu ne ke riƙe da boris, ka kwance su ta ramin da ke jikin fuskar shaf ka ja. Irin na Chevrolet mai kusa 10 ko 12 a murfin giya kuwa sai ka buɗe murfin tukunyar giyan baya man ya zube, ka cire ƙaramar kusar da ke kulle sandar tsakiya, ka zare sandar, ka tura shaf ciki, wani ɗan ƙarfe mai kamar harafin C zai faɗo, sannan shaf ya biyo ka. Tunda ka riga ka buɗe ai sai ka canza boris da sil gaba ɗaya, don in man giya ya tsiyayo kan sabon fad shi ke nan ya tashi aiki.

Ɗaura birakit, mayar da shaf, ka goge fuskarsa da burushin waya har tsatsa ta fita tas, ɗan ɓurɓushi tsakanin shaf da dis ya isa ya sa feda ta riƙa rawa a ƙafarka. Zura dis ka riƙe shi da noti biyu. In bai zauna daidai ba ƙila faɗin fuskar shaf ya fi cikin dis ɗin, sai an kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya rage, kar ka ce za ka danne shi da noti. Ka kuma duba ko kusoshin taya sun rage tsawon da noti zai kama sosai. Kalifa ta zauna dis na tsakiyarta, ana daidaitawa da siraran washa, kuma bakin fitar da iska dole ya kalli sama. In ka musanya ta dama da ta hagu bakin zai koma ƙasa, ka wuni kana bilidin, wato fitar da iska daga layin mai, feda tana nan kamar soso. Tsakanin bututun ƙarfe da kalifa tiyon roba ake sawa saboda kalifa tana motsi, da sababbin washa na jan ƙarfe.

Yanzu mun zo inda aikin yake na gaske, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Masta, wato famfon da feda ke turawa ya aika mai zuwa tayoyi, irin ta dram yawanci tana da ɗan bawul a bakinta da ke barin matsin psi 10 a cikin layi, dram na buƙatarsa, amma dis in ka bar masa shi fad zai riƙa gogar dis kullum, taya ta yi zafi, mota ta yi nauyi kamar kana jan wata. Ko ka cire bawul ɗin ko ka sayi masta ta dis gaba da baya, ni dai na fi son na biyun don kalifa ta fi silindar dram shan mai nesa ba kusa ba. In mastarka a ƙarƙashin daɓen mota take, ƙasa da kalifa, sai ka sa bawul mai psi 2 don kar man ya koma baya. In kuma motar irin ta kafin 1967 ce mai masta gida ɗaya, wadda in bututu ɗaya ya fashe duk birki ya tafi, to yau ce ranar rabuwa da ita, ka sa mai gida biyu. Sannan a layin baya ka sa bawul ɗin raba matsi irin wanda ake murɗawa, kamar na kamfanin Wilwood, tsohon an yi shi ne don dram.

Masta sabuwa a fitar mata da iska a kan benci kafin a ɗaura. Bilidin kuma daga tayar da ta fi nisa da masta ake farawa a matso. Man birki kuwa, DOT 3 da DOT 4 suna haɗuwa, DOT 5 silikon ne ba ya haɗuwa da su, kuma in DOT 3 ko 4 ya ɗiga a fenti ka wanke da ruwa take, cinye shi yake.

Hambirki kar ka ce sai daga baya. Kalifa irin ta Cadillac Eldorado da ake yawan sawa a kayan canjin nan da hannun hambirkin take daidaita kanta, in ba ka saita shi ba feda za ta riƙa nutsewa ka yi ta zargin iska alhali babu.

Gwaji a fili mara mutane. Ka murɗa bawul ɗin raba matsi ya rage wa baya ƙarfi sosai, ka taka da ƙarfi a gudun kilomita 40 zuwa 50, wani ya tsaya gefe yana kallon tayoyi, ka riƙa ƙara wa baya kaɗan-kaɗan har ka ga ya fara kullewa sai ka rage. Gaba ne ya kamata ya fara kullewa ko da yaushe, in baya ya riga shi ɗuwawun motar juyowa yake ka tsinci kanka kana kallon inda ka fito. Daga nan ka zaunar da fad: taka daga gudun kilomita 60 zuwa 10 sau takwas ko goma ba tare da ka tsaya cak ba, ka yi ɗan yawo su huce. In ka dawo leƙa kowane mahaɗi ko akwai danshin mai, ka duba man giyan baya, ka sake matse notin taya bayan kilomita 80 ɗin farko.