Ga ƙannenmu masu neman tuƙin fokilif a sitocin Legas

Tun da gwamnatin Legas ta hana acaba a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022, samarinmu da yawa suka koma aikin sito da kamfanoni. Yaro zai fara da dakon buhu, kafin wata biyu idonsa na kan motar ɗaga kaya, fokilif, domin mai tuƙa ta a zaune yake wuni, albashinsa kuma ya fi na lebura. Buri ne mai kyau. Ni ma ta nan na biyo, da ita na riƙe iyalina. Amma abin da nake gani yanzu a sitocin Apapa da Ijora da Amuwo Odofin yana tayar mini da hankali.

Maganar masauki ba zan daɗe a kanta ba. Bahaushe ba ya rasa wurin kwana a Ikko. Ko Agege ka sauka, ko Mile 12, ko Idi-Araba, ko Obalende, akwai masallaci, akwai mai shayin da zai nuna maka ɗan garinku, akwai Sarkin Hausawa idan rigima ta taso. Wannan zumunci abin alfahari ne gare mu. Ka yi NIN, ka yi katin LASRRA na rajistar mazauna Legas, ka buɗe asusun banki da sunanka, ba da na yayanka ba. In za ka kama ɗaki, ka tanadi kuɗin ejan da na agiriman a kan kuɗin shekara, kuma kada ka tashi ba rasit a hannunka.

Tuƙin ma ba wuya. Tayoyin baya ne ke juyawa, don haka bayan motar ke fita waje a kwana, ka kula da shi. Kaya a ƙasa-ƙasa yayin tafiya, kamar taƙi guda daga daɓe, tsanin gaba a ɗan kwantar da shi baya. A gangara, kaya su fuskanci tudu, ko hawa kake ko sauka. Duk mai natsuwa zai iya wannan.

Inda ake halaka shi ne lokacin da aka ɗaura wa motar wani abu a gaba: ƙarin cokali don dogayen kaya (cokula su ne ƙarafan nan biyu na gaba da ake zurawa a ƙarƙashin kaya), kilam mai matse kwali ko bandir ko naɗin takarda, abin kama duro, ƙugiya mai lilo, ko na'urar gusar da cokula hagu da dama. Kowace fokilif tana da ɗan allon ƙarfe a jikinta, galibi kusa da kujera ko gaban sitiyari. A sitocinmu za ka tarar maiko da fenti sun rufe shi. Samu tsumma da ɗan kananzir ka goge, ka haska da fitilar waya. A kansa aka rubuta nauyin da za ta iya ɗauka, da tsayin da za ta kai shi, da wata lamba da yaranmu ba sa ko kallo: nisan tsakiyar kaya daga gindin cokula, yawanci milimita 500 ko 600. Wato tan 2.5 ɗin nan da aka rubuta ɓaro-ɓaro a gefen mota gaskiya ne kawai idan tsakiyar nauyin bai wuce wannan nisan ba. Motar a kan tayoyin gaba take yin sikeli, dunƙulen ƙarfen da ke bayanta shi ke danne ta. Bokitin ruwan da ka ɗauka a jikin cinyarka ba wahala, miƙe hannunka da shi ka gani. Haka ita ma. Ka tura tsakiyar kaya zuwa mita guda, motar tan 2.5 ba za ta iya tan 2 ba, balle abin da aka rubuta mata.

Duk abin da aka ɗaura a gaba yana cin ƙarfinta ta hanya biyu: nauyin kansa, wanda a babban kilam yakan kai ɗaruruwan kilo, da kaurinsa da ke tura kaya gaba. Shi ya sa ƙa'idar sana'ar ita ce, in an sa sabon abu, kamfanin da ya ƙera motar ko wakilinsa ya ba da sabon allo mai ɗauke da sunan abin da aka ɗaura da nauyin da ya rage. In allon bai ambaci kilam ba alhali ga kilam a gabanka, lambar da ke kansa ba ta wannan motar ba ce yanzu. Ko babu kaya, mota mai kilam ka tuƙa ta kamar mai ɗauke da kaya.

Wajen ɗaurawa ma akwai aji. Farantin da cokula ke rataye a kai yana da aji na 2 ga motocin da ba su wuce tan 2.5 ba, da aji na 3 ga na sama da haka zuwa kusan tan 5, kuma tsayinsu ba ɗaya ba ne. Abin aji na 3 ba ya zama a farantin aji na 2, ko da makanike ya ce zai “gyara” shi da guduma. Ƙugiyoyin sama su zauna daram, na ƙasa a ɗaure su da notinsu, makullin cokali ya faɗa cikin raminsa har ka ji ƙararsa. Kada ka yarda da “an ɗaure”. Tsuguna ka duba da idonka.

Ƙarin cokali kuwa, Allah ya kyauta. Ana kai ƙarfen kwana ga mai walda a bakin titi ya haɗa hannun riga biyu, a zura wa cokula, babu fil a gindi, babu lambar nauyi. Na gaskiya yana da makulli a baya da ke hana shi zamewa, kuma tsawonsa bai kamata ya wuce na cokalin da rabi ba: cokali mai mita 1.2, ƙarinsa iyakarsa mita 1.8. Ba a ɗaukar kaya da bakinsa, a tura har gindi. Shi kansa cokalin ba a huda shi don rataya sarƙa, ba a yi masa walda, ba a gasa shi a miƙar da shi, domin ƙarfe ne da aka sarrafa da zafi, wuta tana kashe ƙarfinsa. In dugadugansa ya cinye da kashi 10 cikin 100 na kaurinsa saboda jan ƙasa, ƙarfinsa ya ragu da kashi 20, sai canji.

Akwai abubuwa biyu da nake roƙonku da girman Allah ku ƙi, ko da za a kore ku. Na farko, a ce mutum biyu su hau bayan mota su danne ta don tayoyin baya sun fara tashi. Tashin tayar nan motar ce ke gaya maka kayan sun fi ƙarfinta. Na biyu, a ɗora ɗan'uwanka a kan falet, katakon nan da ake jera kaya a kai, a ɗaga shi sama ya gyara ƙwan fitila ko ya sauko da kwali. Akwai kejin da aka yi don haka, mai shinge, da ake kulle shi da motar. In babu, a kawo tsani. Kuma ka ɗaura bel. In mota ta tashi kifewa kada ka yi tsalle, rufin samanta ne ke danne masu tsalle. Riƙe sitiyari gam, kafe ƙafafunka, ka karkata jikinka nesa da ɓangaren da take faɗuwa.

Mai na haidirolik, wanda matsinsa ke ɗaga cokula, shi ma mugu ne shiru. Kafin a cire tiyo, sauke komai ƙasa, kashe inji, ka motsa sandunan sarrafawa gaba da baya don matsin man ya sauka. Ba a neman yoyo da tafin hannu, a kara guntun kwali. Man da ke fita ta ɗan ramin da bai fi bakin allura ba yana iya huda fata ya shige nama. Za ka ga ɗan ɗigo ja kawai, ka ce ba komai, washegari hannu ya kumbura suntum. Wannan na asibiti ne a take, kuma a gaya wa likita man inji ne ya shiga. Sabon kilam kuma a gwada shi: matse kaya, ɗaga kaɗan, tsaya ka ga ko yana zamewa. In matsin ya yi yawa kwalaye su murƙushe, kuma kai za a cire wa kuɗin.

Nan ne na zo ga abin da ya fi ci mini rai, wato takardu. A wani sito da na yi aiki a yankin Amuwo, an kawo injin janareta cikin dogon akwatin katako. Mai kula da mu ya sa aka zura ƙarin cokalin walda, na nuna masa allon, ya ce, “Aboki, ɗauka kawai, tirela na jira.” Na ƙi. Ya kira wani yaro ɗan wajen Daura da bai daɗe da zuwa ba, yaron kirki, mai son ya nuna ƙwazo. Akwatin bai kai ƙirji ba bayan motar ya tashi, hannun riga ɗaya ya zame, akwatin ya sauka a ƙafar wani lebura. Da aka zo bincike, ba sunan yaron a littafin kamfani, ba na leburan. Ejan ne ya kawo su, hannu da hannu yake biyansu. Wanda ya ba da umarni ya ce bai san zancen ba. Mu muka haɗa kuɗin asibiti a masallaci bayan sallar Juma'a, kamar yadda muka saba, kuma jama'a sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Amma karo-karonmu ba ya mayar da ƙafa.

Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya cika wata 3. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, daga nan ake biyan wanda ya ji rauni a wurin aiki. Jihar Legas kuma tana da hukumarta ta kula da kiyaye haɗurra a wuraren aiki. Duk wannan ba zai amfane ka ba in babu abin da ke nuna kana aiki a wurin. To me zai sa ka yi wata shida ba ka tambayi ejan sunan wa aka rubuta ba? Wasunku har da katin wani suke shiga ƙofa, wai don sun yi kama. Ranar da abu ya faru, mai katin ne ma'aikaci, kai baƙo ne da ya hau motar mutane.

Takardar horo ma a yi ta gaskiya. Na san ana sayar da ita, na kuma san kuɗin horo yana da nauyi ga wanda ke aika wa gida duk wata. Ku yi adashi, ku tura mutum ɗaya-ɗaya. Manyan kamfanonin Apapa da Tin Can da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki da ta fara aiki a 2023 sukan gwada mutum a kan mota kafin su ɗauke shi, takardar saye ba ta tsallake wannan. Kuma iya cokali ba shi ne iya kilam ba. Duk sabon abin da aka ɗaura, ka nemi a koya maka shi kafin ka karɓi makulli, ba kunya ba ce.

Kowace safiya, kafin ka tayar da inji, ɗauki hoton allon da na abin da ke gaban motar da wayarka. In akwai takardar duba mota ta kullum, cike ta da hannunka, ka rubuta abin da ka gani, ko yoyon mai ne ko makullin da ya ɓace, ka sa mai kula da ku ya sa hannu. In karatun boko ya yi maka ƙaranci, akwai yaranmu masu sakandare a kowane sito, ɗaya ya karanta maka lambobin, kai kuma ka haddace su. In an matsa maka ka ɗauki abin da ya wuce allo, ka ce cikin ladabi, “Oga, a rubuta mini a takarda ko a WhatsApp.” Mafi yawansu a nan suke janyewa su nemo babbar mota. Lambar gaggawa ta Legas 767 ce ko 112, ka ajiye ta a waya tare da lambar wani babba daga cikin mutanenmu da ke kusa da wurin aikinka.