Kurakuran masu gyara bayanin saitin asali na memori a kanel ɗin Linux

Na gaji da ganin kuskure ɗaya yana dawowa. Sabon shiga zai duba /proc/sys/vm a kwamfutarsa, inda kanel (zuciyar tsarin Linux) ke nuna saitunan memori, ya ga lamba, ya gwada da abin da ke cikin vm.rst, takardar kanel da ke bayanin waɗannan saituna, ya ga sun saɓa, shi ke nan sai ya rubuta gyara. Malam, lambar da ke kwamfutarka ba lallai ta kanel ba ce. Masu haɗa nau'in Linux ɗin da kake amfani da shi, irin su Fedora da Ubuntu, suna canza ta. Ɗauki max_map_count, iyakar yankunan memori da manhaja ɗaya za ta iya riƙewa: a cikin tushen rubutun kanel 65530 ce, amma Fedora 39 da Ubuntu 24.04 sun ɗaga ta zuwa 1048576, musamman don wasannin kwamfuta. Duk wanda ya kwafi wannan ya zuba a takardun kanel ya ɓata abin da yake daidai ne. Ni kafin in taɓa kalma ɗaya, sai na leƙa /etc/sysctl.d da /usr/lib/sysctl.d, inda ake ajiye irin waɗannan canje-canje, sannan in nemo lambar da grep, umarnin binciken rubutu, a cikin babban fayil na mm, sashen memori na kanel.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne min_free_kbytes, wato memorin da kanel ke ware wa kansa a ajiye. Ba shi da tsayayyar lamba, ku ji da kyau! Kanel ne ke lissafa shi lokacin tashi gwargwadon yawan memorin na'urar, kuma idan THP, tsarin haɗa ƙananan shafukan memori su zama manya, yana kunne, khugepaged, ɓangaren kanel da ke wannan aikin, na iya ƙara ɗaga shi. Wani abokin aiki ya taɓa rubuta lambar babbar sabarsa a takardarmu a matsayin ta asali, aka bi ta aka saita wata ƙaramar na'ura, ta riƙa kashe manhajoji alhali memori na ajiye ba a taɓa ba. Ranar ba mu yi barci ba. Rubuta yadda ake lissafin, kada ka rubuta sakamakonsa.

Sai ƙananan. Swappiness, mai auna yadda kanel ke saurin kwashe abin da ke memori zuwa swap (wurin ajiyar wucin gadi), 60 ne har yanzu, amma iyakarsa ta koma 200 tun sigar kanel ta 5.8, a daina rubuta 100. Overcommit_ratio, mai ƙayyade yawan memorin da kanel zai iya yi wa manhajoji alkawari, 50 ne, sai dai ba ya aiki sai saitin overcommit_memory na kan 2, shi kuwa overcommit_memory asalinsa 0 ne. Kada ka ce shafin memori kilobayit 4 ne ko'ina. Na'urori masu ƙirar Arm64 na da na 16 da na 64. Masu ambaton SLAB kuwa, tsohon tsarin rabon memori a cikin kanel, an cire shi a 6.8, takwaransa SLUB kaɗai ya rage.

Idan za ka aika gyaran, ka faɗi sunan fayil da canjin da ya kawo lambar. In babu su, ni ba na ma karantawa.